Shafi Na Biyu Na Alhaji Mati Ne

Ban je Nijar ganin gari ba, ban kuma je neman arziki ba. Na je ne in samo abin da zan kunyata Alhaji Mati da shi a gaban jama'a, kamar yadda ya kunyata mahaifina.

Sunana Habibu, ina koyar da Larabci a wata firamare a yankin Falgore ta Rogo. Mahaifina, Malam Sule, ya fi shekara talatin yana na'ibin liman a ƙauyenmu. Da Liman ya rasu kowa ya ɗauka Baba za a ba, har ranar da aka zauna a ƙofar masallaci bayan sadakar bakwai. Alhaji Mati dillalin hatsi ne, ba ya iya raba alif da sanda, amma shi ya rufa wa masallacin kwano, saboda haka in ya yi tari sai a saurara. Ya gyara zama ya ce, "Jama'a, ni ban ƙi Malam Sule ba. Amma a tambaye shi abin da ya koro mahaifinsa daga ƙasar Damagaram. Kakana Ɗanladi garinsu ɗaya. Mun san wanda ya rubuta sunayen samari ya miƙa wa Nasara aka kwashe su aikin dole. Ku tambaye shi mutum goma sha ɗayan nan da mahaifinsa ke yi wa addu'a duk Juma'a, su wane ne?"

Baba ya miƙe, ya ɗauki butarsa, ya shige gida. Tun daga ranar ya shimfiɗa buzunsa a zaure, a nan yake salla shi kaɗai, yana jin kiran sallar da ya yi shekaru yana tayarwa. Aka naɗa wani.

Ni kuwa gatari na ɗauka, ba zan ɓoye ba. Baba ya tare ni a bakin zaure ya ce, "In ka taɓa shi ban yafe ba." Na ce, "To Baba, ƙarya ce ko gaskiya?" Ya ce, "Ban sani ba, Habibu. Kakanka Malam Haruna bai taɓa ba mu labarin can ba. Tabon bulala na gani a bayansa, sunayen nan kuma na ji su da kunnena. Iyakata ke nan." Na ce Nasara ba sa yin abu sai sun rubuta, zan je in nemo. Ya ce in zan kawo in kawo da Larabci. In boko ne za a ce ni na tsara, in fassarar baki ce ta zama ka-ce-na-ce, amma Larabci ko malaman Karaye aka kai wa za su duba su ce haka ne ko ba haka ba.

A Damagaram na yi kwana shida ban samu komai ba. Na je ƙauyen kakannin namu, na tarar duk wanda zai iya tunawa ya riga mu gidan gaskiya. Wani tsoho ɗaya ne ya ce yana yaro ya ji ana zancen wani Malam Haruna da aka ɗaure, amma laifinsa bai sani ba. Ya ba ni fura, ya ce tsofaffin takardun shari'a an daɗe da kwashe su zuwa Yamai.

Yamai ta karya mini girman kai. Ina ɗauka Nijar duk Hausa ce, sai na tarar da Zabarmanci ya cika tasha, in yi sallama a amsa, in yi tambaya a yi mini kallon ɗan ƙauye. Allah ya haɗa ni da Sabo mai kilishi, wanda ya ji harshena ina cinikin ruwa ya ce, "Kai daga ina?" Na ce Rogo. Ya bushe da dariya ya ce, "Ashe talakanmu ne. Ni ɗan Karaye ne, ku da jiya-jiya kuka fita daga ƙarƙashinmu." Na ce ai shi ya sa muka fara ƙiba. A bayan shagonsa na shimfiɗa tabarma, tufafina duk suka koma warin yaji da tunkuza, kuma bai taɓa tambayata yaushe zan tafi ba.

Mako uku ina zuwa gidan da ake ajiye tsofaffin takardu. Wani ma'aikaci siriri mai suna Isufu ya ji tausayina, ya rubuta mini yadda Nasara ke rubuta sunan kakana da na ƙauyen, nake bin shafi-shafi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Rannan sai ga sunan a wata takarda. Shafi huɗu ne, rubutun hannu, tawada ta koɗe ta zama ruwan ƙasa. Isufu ya duba ya ce, "Hukunci ne. An ɗaure shi, wannan na gani. Kuma ana ta maganar jerin sunaye. Sauran ba zan yi maka ƙarya ba, hannun mutumin nan ya fi ƙarfina." Jerin sunaye. Abin da Alhaji Mati ya faɗa ke nan. Na karɓi hoton takardun na fito.

Daga nan na shiga neman mai fassara, a nan kuma na gane jin Faransanci daban, karanta Faransancin matattu daban. Ofisoshin fassara suna nan birjik, amma aikinsu takardar haihuwa da ta makaranta ga masu tafiya karatu Masar ko Madina. Su juya takarduna, su miƙo mini, su ce wannan sai ɗan tarihi. Wani matashi ya ɗora waya a kai ya fitar mini da Larabcin da ko ɗan aji uku na makarantarmu ba zai rubuta ba. Wani kuma ya iya tarihi da Faransanci, amma Larabcinsa bai wuce na salla ba. Mai wannan ba shi da wancan, haka na yi ta zaga gari a ƙafa har takalmina ya huje.

Sai aka nuna mini Ustazu Bashir. Ofis da fanka, farar jallabiya, Larabci yana zuba daga bakinsa kamar ruwan famfo. Ya sa aka kawo mini shayi ya ce, "Ɗan'uwa, me ke tafe da kai?" To mu mutanen gida kun san halinmu, in muka je gaban malami ko alƙali ko mai magani sai mun zazzage cikinmu tun daga farko, a ganinmu rashin ladabi ne ka miƙa takarda ka yi shiru. Na ba shi labari kaf, da Alhaji Mati, da buzun Baba, da abin da nake fatan takardar ta ce. Da na ga yana girgiza kai cikin tausayi har ƙari na yi, na ce an ɗaure kakana a jikin kuka kwana uku a rana. Wannan kukar ni na dasa ta a hanya, ba wanda ya taɓa gaya mini.

Bayan kwana biyu ya ba ni shafi ɗaya, Larabci mai daɗi. Kakana waliyyi ne, Nasara azzalumai, an tilasta shi ya ƙi. Na dawo shago ina tafiya kamar an yi mini bushara, na zauna ina juya wa Sabo da Hausa yana yanka nama. Da na zo wurin kuka da kwana uku sai ya ajiye wuƙa ya ce, "Tsaya, Ɗan Rogo. Wannan kukar ba ita ce ka ce mini ka ƙara don labari ya yi armashi ba? Yaya aka yi Bature ya rubuta ta tun kafin a haifi babanka?"

Na koma wa Ustazu ina huci. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Abin da ka zo nema na ba ka. Kai gaskiya kake so, ko abin da za ka karanta a ƙofar masallaci?" Na zage shi ta uwa ta uba, na fito. Amma tambayarsa ta bi ni har tabarma, domin kwana biyu takardar tana aljihuna ina raya wa kaina in tafi da ita haka. Wa zai sani? Abin da ya hana ni ba tsoron Allah kaɗai ba ne, gara in faɗi gaskiya. Na tuna Alhaji Mati yana da abin hannunsa, in ya sa aka duba aka kama ni, to na binne Baba da ransa. Na yayyaga ta na zuba a murhun Sabo.

A makon nan zazzaɓi ya kayar da ni. Wata Bazabarma mai sayar da kunu a maƙwabcin shago, wadda ban san sunanta ba har yau, kullum da safe sai ta ajiye mini kofi a bakin tabarma ta yi wata magana da harshensu ta wuce. Na buga wa matata waya ta ce gyaɗa ta isa cira, ƙannena ne suka shiga gonar, hedimasta ya aiko sau biyu, Baba kuma ƙafafunsa sun kumbura, ko zauren ma da ƙyar yake fitowa. Sannan ta ce Alhaji Mati ya faɗa a kasuwar Rogo wai Habibu ya tafi ganin dangi, ai gidan Nasara gidansu ne. Na kwanta ina kallon kwano, ina kewar tuwon dawa da miyar kuka, ina tsara yadda zan tsaya a ƙofar masallaci in karanta, da inda zan dakata in kalle shi. Wannan tunanin ne ya tashe ni, ba allura ba.

Isufu ne ya sake fitar da ni. Ya ce akwai wata tsohuwa da ta yi shekaru tana zuwa karanta tsofaffin takardun nan, Hajiya Mariyama, Balarabiyar arewa, ta koyar da tarihi da Faransanci da Larabci har ta yi ritaya, yanzu tana Tawa. Na ce, "Mace?" Ya ce, "To zauna ka jira namiji."

A Tawa na same ta a tsakar gida tana ba awaki dusa, 'yar ƙaramar tsohuwa da tabarau mai kauri. Na durƙusa na gaishe ta, na fara, "Hajiya, wato mahaifina ne..." Ta ɗaga hannu ta ce, "Yi shiru, ɗana. Kada ka gaya mini ko kai wane ne a wurin mutanen da ke ciki, kada ka gaya mini abin da kake so. In na ji, alƙalamina zai karkata ko ban yi niyya ba. Miƙo takarda." Na ji kamar ta mare ni, amma na tuna kuka, na miƙa.

Ta ɗora gilashin ƙara girma a kai, sai ta yi 'yar dariya ta ce, "A'a, wannan rubutun kwamandan Nasaran nan ne. Na san hannunsa, na yi shekaru ina fama da shi. In yana yabon kansa maƙaryaci ne, amma in ya ji haushin mutum yakan faɗi gaskiya dalla-dalla. A nan kuwa ransa a ɓace yake." Da safe kaɗai take aiki, saboda ido. Kwana tara ta yi. Takan kira ni ta tambayi yadda muke kiran wani gari ko wata sarauta, ta duba wani tsohon littafi, ta koma. In na leƙa ta kife takardar. Don kada in haukace na gyara mata garken awaki, na cika randuna, ita kuma kullum ta aiko mini da shinkafa da busasshen nama.

Rana ta tara ta ajiye shafi biyu a cinyarta, ta buga hatimi, ta ce, "In abin da ke ciki bai yi maka daɗi ba fa?" Na ce zan ƙona. Ta ce, "To ba zan ba ka ba." Sai da na rantse zan kai wa wanda ya aiko ni yadda yake, sannan ta saki.

Shafin farko hukunci ne. Malam Haruna, magatakardan mai gari, an umarce shi ya rubuta sunayen samari goma sha ɗaya da za a ɗiba aikin hanya. Ya rubuta, ya miƙa. Da aka zo ɗiba aka yi ta kiran suna ba mai amsawa, domin duka goma sha ɗayan suna maƙabarta, wasu tun shekarar yunwa. Kafin a gane, samarin garin sun tsallake iyaka. Aka yi masa bulala, aka yanke masa ɗauri. Ga sunayen a jere, su ne waɗanda Baba ke ji duk Juma'a. Ashe gafara yake nema musu, ladan aron suna da ya yi ba da izininsu ba.

Shafi na biyu bayanin mai shaida ne. Da farko kwamandan ya ɗauka guduwa suka yi, sai wani mutumin garin ya same shi a keɓe ya gaya masa matattu ne, ya kai shi har kaburbura, aka sallame shi da riga da alkawarin ba za a taɓa gidansa ba. Sunansa Ɗanladi. Na karanta sau uku, na yi dariya har da hawaye. Hajiya ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Yanzu na san ko kai jikan wane ne. Ɗayan ma yana da jikoki, ko?" Na ce yana da su, kuma za su ji.

Na iso gida da hantsi, na tarar da Baba a zaure ya rame. Ya karɓi shafin farko ya kai kusa da ido. Da ya zo kan sunayen bai karanta su ba, rufe ido ya yi ya jero su da ka, ni ina bi a takarda, ko ɗaya bai kuskure ba. Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Wannan hannun malami ne." Na ce mace ce. Ya ce, "Na ce hannun malami ne." Sannan ya karanta na biyu, ya ninke, ya ce, "Wannan ba za a karanta wa jama'a ba."

Na ce, "Baba, wata biyu da rabi. Na kwana a bayan shago, na bar gyaɗata, saura kaɗan a kore ni daga aiki." Ya ce, "Ɗanladi yana da jikoki mata a gidajen aure, yana da 'yan yara a makarantarka. Abin da aka yi mini ba zan sa a yi musu ba. Ban yarda ka karanta wa kowa ba, ban yarda ka gaya wa kowa ba." Na ce na ji. Raina kuwa kamar an zuba garwashi.

Ranar Juma'a Baba ya sa farar rigarsa, ya dafa kafaɗata, muka taka har masallaci. Bayan salla sabon liman ya ba shi wuri, ya karanta shafin farko da Larabci ya juya da Hausa, ya miƙa wa malamai suka zagaya da shi hannu-hannu. Wani dattijo ya fashe da kuka, ashe mahaifinsa yana cikin samarin da suka tsallako. Aka tambaya wa ya tona wa Nasara, Baba ya ce abin da zai karanta ya ƙare a nan. Limanci dai ya wuce, bai dawo ba, amma tun ranar Baba bai sake salla a zaure ba. Alhaji Mati ya zo cikin mutane ya ce, "Malam, a yi haƙuri, abin da muka ji ne muka faɗa." Shi ke nan wai an wuce wurin.

A wurina ba a wuce ba. An hana ni karantawa, an hana ni faɗa, amma ba a hana ni mayar wa mutum kayansa ba. Ranar kasuwar Rogo na same shi a rumfarsa cikin buhunan masara, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, da gida da iyali da kasuwa. Sannan na miƙa masa shafi na biyu na ce, "Alhaji, tsaraba ce daga Nijar. Wannan na kakanka ne, ga sunansa nan, ga nan, ga kuma nan." Ya juya takardar ya ce, "Me ta ce?" Na ce, "Baba ya hana ni faɗa. Sai ka nemi mai fassara. Ni na sha wuya kafin in samu, amma kai ga malamai ko'ina."

Malaman kuwa suna nan, daga Rogo har Karaye, amma duk wanda ya karanta masa ya sani ke nan. In ya ba 'ya'yansa su ɗora waya a kai, su ma sun sani. In ya ƙona kuma, bai san abin da ya ƙona ba, bai kuma san ko akwai wani a hannuna ba. Mako bakwai yana yawo da ita a aljihun gaba, ina ganin gefenta. Duk ranar kasuwa sai na biya na gaishe shi na ce, "Alhaji, an dace da mai fassarar?" Na ga mutumin nan yana zubewa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma wallahi ban ji tausayinsa ba.

Wata ranar Talata na dawo daga makaranta na ga takalmansa a ƙofar zaurenmu. Duk ƙasar nan mutum ɗaya ne zai karanta masa ba tare da labari ya ƙaru ba, shi ne wanda ya kora daga masallaci. Na tsaya a waje ina jin muryar Baba ƙasa-ƙasa, yana karanta layi yana juyawa, bai ƙara ba bai rage ba. Ya kai ƙarshen shafin. Sai na ji Baba yana cewa, "Tashi, Alhaji, ba kai ka yi ba. Allah ya gafarta musu duka."

Ya fito yana laluben takalmi da ƙafa, na sunkuya na juya masa su kamar yadda ake yi wa babban baƙo. Bai kalle ni ba ya ce, "Habibu, wa kuma ya sani?"

Na ce, "Mu uku ne, Alhaji. Wata tsohuwa a Tawa, ita ba ta san ka ba. Sai Baba, shi kuma ka ji ya yafe."

Ya tsaya yana jira in ƙarasa. Na ce masa ya gaida gida.